Mutumin da Ya Juya Kwamfuta Ta Kalli Bango

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, jami'in lafiya ne a wani ƙaramin asibiti mai ɗaki uku. Shekararsa ashirin yana duba marasa lafiya. Ba mugu ba ne. Cutarsa ɗaya ce, bakinsa ba ya iya cewa "ban sani ba".

Wata ƙungiya ta ba asibitin tallafi. Aka kafa sola a kan rufi, aka kawo kwamfuta mai kyamara. Aka ce duk Laraba da hantsi ma'aikata su zauna, wata likita daga babban asibiti ta yi musu darasi. In kuma ciwo ya fi ƙarfinsu, su kira ta, ta ga mara lafiya ta kwamfutar.

Mutumin ya ce, "Wannan yarinyar? Ai lokacin da na fara yin allura tana rarrafe."

To, Laraba in ta zo sai ya kunna, sunansa ya hau jerin masu halarta, ya kashe murya, ya juya kwamfutar ta kalli bango, ya fita hira. Bayan wata shida takardar shaida ta zo da sunansa. Ya sa ta a gilashi ya rataye. A ganinsa wa ya cuta?

Rannan da azahar, rana na dukan kwanon rufi, sai ga yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Ta ce, "Auta, hannun nan ya yi min nauyi. Bakin ma kamar na aro."

Ya ce gajiya ce.

Akwai wata nas a ƙarƙashinsa da ke bin darasin a wayarta. Ta matso ta ce a hankali, "Yallaɓai, dubi gefen bakinta. An yi mana wannan. Likita ta ce 'yan awoyi kawai ake da su. Mu kira ta."

Ya kalli kwamfutar. Ya san in ya kira, tambaya za a yi masa a gaban yayarsa, kuma ba shi da amsa.

Ya ce, "Yayata ce ko taki? Kawo maganin ciwon jiki."

Yayar ta yi dariya da rabin baki. "Ƙyale shi, 'yar nan. Tun yana yawo ba wando ba a gaya masa ya ji."

Washegari a kwance aka kawo ta, ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. Sai a lokacin ya kira. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Yaushe abin ya fara?" Ya ce jiya. Ta ce lokaci ya riga ya wuce.

Aka yi bincike, gaskiya ta fito, aka sallame shi daga aiki. Amma wannan ne ƙaramin. Kullum yanzu shi ke ba ta abinci a baki, tana kallonsa, ba ta iya cewa komai.

Ya 'yan uwa, girman kai ne ya kai shi nan. Ilimi ya zo har teburinsa kyauta, ya ƙi. Wanda aka ba amanar rayuka, ina shi ina jin kunyar tambaya?

Nas ɗin nan tana biyawa gidan in ta tashi aiki. Takan riƙe waya likitar ta nuna yadda za a riƙa motsa hannun. Shi yana gefe, kai a ƙasa, har yau bai iya ce wa nas ɗin an gode ba. Ita ma ba ta jira, takan gyara wa yayar matashin kai ta fita.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.