Rigar Sulken da Aka Ɗinke da Jan Zare

Akwai wata tela a barikin 'yan sanda, matar wani kofur, kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata. Mace ce mai hannu a ɗinki, amma fa tana da riƙo. In ka ɓata mata rai yau, baɗi ma za ta tuna maka kalar rigar da ka sa ranar.

Ofishin da mijinta ke aiki kuwa rigunan sulke ba su kai yawan mutanen ba. Karɓa-karɓa ake yi, mai tashi daga aiki ya cire da guminsa, mai kamawa ya saka. Wanda bai samu ba sai ya fita da kaki da addu'a.

Wata rana da yamma Kofur ya shigo da ɗaya a hannu, ya ajiye mata a kan keken ɗinki. Ta toshe hanci.

"Baban 'Yan Biyu, wannan mushen fa? Gumin bariki kaf ka kwaso min?"

Ya yi dariya. "Taimaka mana za ki yi. Madaurin kafaɗa ne ya tsinke, da waya muke ɗaurewa. In ka saka sai ta zame ta sauko ciki, ƙirji a buɗe. Tumbi kawai take karewa."

"Kai za ka sa ta gobe?"

"A'a, gobe layin Saje ne."

Nan take fuskarta ta canza. Saje dai shi ne shugaban su Kofur a wurin sintiri, matarsa kuma ita ce ta zubar mata da wanki daga kan igiyar shanya a gaban mata, ta ce matar kofur ba ta riga matar saje shanya. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Au, mijin waccan zan karya allurata a kansa? Ta ɗinke masa da bakinta mana, ai ya fi allura tsini."

Kofur bai ja ba. Ya ce, "Yadda kika gani," ya shige wanka.

Ta zauna tana hararar rigar. Zuciya ta ce mata ta ɗan kama bakin kawai, ɗinkin ganin ido, wa zai duba? Har ta fara hakan. Sai ta ɗaga rigar ta kara a jikinta, ta ji nauyin farantin ƙarfen da ke ciki ya ja rigar ƙasa, daidai wurin zuciya babu komai. Matar ce ta yi mata laifi, 'ya'yan Saje kuma ba su zubar da wankin kowa ba.

Ta yi tsaki, ta warware abin da ta fara. Ta yanko madaurin tsohuwar jakar makarantar yara, ta ninka biyu. Keke ya ƙi ci, ta koma ɗinkin hannu, allura na karyewa tana sake wata, yatsa har jini. Baƙin zare ya ƙare, ta ƙarasa da ja. Tana yi tana mita, amma ba ta tashi ba sai da rigar ta zauna daram.

Washegari da rana tsaka, tana kan keke, ta ji bariki ya ruɗe. Wai 'yan fashi sun buɗe wuta a shingen bincike, an harbi ɗan sanda ɗaya. Kafin ta nemo takalmi sai ga matar Saje a ƙofarta, ido jawur.

"Maman 'Yan Biyu, taso mu je asibiti. Mijinki ne."

Ba ta san yadda ta isa ba. A hanya abu ɗaya ke yawo a kanta: ba shi da riga, yau ba layinsa ba ne.

Ta tarar da shi zaune a gado, an naɗe masa ƙirji da bandeji, yana numfashi da ƙyar amma yana murmushi. Haƙarƙari ne ya tsage, likita ya ce zai warke. Saje na tsaye a gefe riƙe da rigar.

"Ranka ya daɗe, ba kai ne da ita yau ba?" ta tambaya.

Saje ya ce, "Ni ne. Da na saka da safe, yarana na wurin aiki suna ta tsokanata wai na yi kwalliya da jan zare. Amma tun da aka kawo rigar nan ban taɓa jin ta rufe min ƙirji ba sai yau. Na ce wadda ta yi wannan wahalar, ba zan tura mijinta tsayar da mota da kaki kawai ba. Na cire na ba shi."

Ya miƙa mata. Ramin harsashin yana can sama, kusa da jan zarenta, wurin da jiya babu abin da ke rufe shi. Ta tuna ɗinkin ganin idon da ta fara. Ta durƙusa tana kuka tana gode wa Allah, ta gode wa Saje har ya ji kunya. Matar Saje ce ta ɗago ta, tana cewa, "Ki yafe min, 'yar'uwa."

Maman 'Yan Biyu ta share hawaye ta dubi Saje. "Sauran rigunan, duk mai waya a kafaɗa, a kawo min su yau."

Darasi: Aikin da aka ba ka, ka yi shi da gaskiya ko da don wanda ba ka so ne, domin ba ka san jikin wanda zai kare ba. Masu tsaron mu kuma suna da iyali, bai kamata a bar su suna karɓa-karɓar rigar sulke ba. Ku tura wa 'yan'uwa, ko saƙon ya kai kunnen masu iko.