Fayil Ɗin Polycarp

Yemima ce ta fara ba ni wannan labari, ranar da ta kawo ɗinkin zanen zumuntar matan coci shagona a Kafanchan. Da ɗanta abin ya faru, don haka ba ta ƙara gishiri ba.

Sunansa Gershon. Saurayi ne mai ƙwaƙwalwa, mai tausayin uwarsa, amma ba ya iya jira, kuma ya fi son a ce shi kaɗai ya yi abu. Shi da abokinsa Polycarp, jikan wani ma'aikacin reluwe, suka ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. A cikinsa akwai ɗan allon lantarki mai lura da zafi. Polycarp ya rubuta sashen furogiram mai auna zafin, Gershon ya rubuta sauran. Sau da yawa Polycarp yana cewa, "Mutumina, zo ka zauna in nuna maka cikin nawa." Gershon ya ce sai an samu lokaci. Polycarp ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kagoro, kwamfutarsa ta farfashe tare da shi. Abin da ya rage wa Gershon na sashen Polycarp fayil ɗaya ne, gamamme, wanda inji ke ganewa amma mutum ba ya iya karantawa.

Bana matan zumunta na Godogodo suka tara ƙwai ɗari huɗu za a zuba a injin. Ana saura kwana ɗaya wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone allon. Gershon ya sayo sabo. Aikin da ya rage kaɗan ne: ya haɗa furogiram a kwamfuta ya ɗora wa allon.

Mama Regina, shugabar matan, ta leƙo shagonsa ta ce, "Ɗana, ƙwai ba doya ba ne. In ya wuce kwana goma a ajiye, sai dai a soya."

Ya ce, "Mama, gobe ma ku kawo."

Ran Litinin da safe ya buɗe kwamfuta, sai ga saƙo wai an fito da sabuwar manhajar da yake rubuta furogiram da ita. Tsohuwar tana aiki lafiya lau. Amma ya ga sabo, ya danna. Da ta gama sauka ya ce ta haɗa aikin, sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar.

Ni tela ce, ga yadda na gane abin. Furogiram kamar riga ne, ana ɗinka hannu daban, wuya daban. A ƙarshe akwai mai haɗa su, shi suke kira linka. To sabon linka ya ɗauki sashen Gershon, ya nemi inda zai haɗu da na Polycarp, ya ce bai san waɗannan sunaye ba. Da tsohon keke aka ɗinka wancan hannun.

Ya yi ta fama har azahar, sannan dole ya kira Hephzibah, malamarsa ta dā da ke koyarwa a Jos.

Ta ce, "Wannan ana gyarawa. In ya ƙi, mu dawo da tsohuwar manhajar. Amma kafin komai, kwafi fayil ɗin Polycarp a filash. Kar ka taɓa wani abu, ina zuwa Laraba."

"Anti, har kwana biyu?"

"Kai ko a aji kana miƙa takarda kafin ka gama karanta tambaya. Kwafa, ka ji ni?"

Ya ce to. Bai kwafa ba. Yana ajiye waya ya shiga intanet, ya ga wani ya rubuta cewa maganin irin wannan shi ne a share jakar da ke ɗauke da duk abin da aka riga aka haɗa, a haɗa sabo daga tushe. Shawarar gaskiya ce ga wanda yake da tushen. Gershon ya manta a cikin wannan jakar fayil ɗin Polycarp yake zaune. Ya share ta, sharewar da ba ta bi ta kwandon sharar kwamfuta. Jan rubutun ya ragu ya koma layi ɗaya: ba a ga fayil ba. Tsoro ya kama shi, ya yi ta sauke manhajoji yana cirewa, har suka danne wurin da fayil ɗin yake.

Hephzibah ta iso Laraba. Ta wuni a gaban kwamfutar, ko ruwa ba ta sha ba. Da yamma ta rufe ta a hankali.

Gershon ya ce, "Anti, ba za a sake rubutawa ba?"

"Za a iya. Amma shekara guda Polycarp ya yi yana gwada zafi da ƙwai kafin ya samu daidai. A cikin kansa awon yake."

Matan suka raba abin da kaji za su iya kwanciya a kai, bai kai arba'in ba. Sauran aka dafa. Mama Regina ba ta yi faɗa ba. Ta ce masa, "Da ka ce mu jira Laraba, da mun jira."

Har yau injin yana shagon, an rufe shi da buhu. Yemima ta ce ranar da ta kai masa abinci, bai ɗago kai ba, ya ce, "Mama, na sake binne Polycarp."

Jikokina, ga darasin. Kada ku canza kayan aiki a tsakiyar aiki don kun ga sabo. Abin da ba za ku iya sake yi ba, ku ajiye shi wuri biyu kafin ku taɓa shi. Kuma in mai sani ya ce zo in nuna maka, ku je ranar. Ni ma ban tsira ba. Na sayi keken lantarki, na riga na yi wa mai gwangwan alkawarin tsohon kekena. Washegari da safe ya zo da kurarsa, na ce ya yi haƙuri. Na ja tsohon keken ciki, na zuba masa mai.