Aljanar da Ke Jiran Aiki Ya Ƙare

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso mu ji ta, Kaka.

To, ku gyara zama. Abin ya fara ne ranar Asabar, sha huɗu ga watan Mayu, ƙarfe bakwai saura minti goma na safe. Ƙararrawar mishan ba ta kai ga bugawa ba.

Akwai wata mata, sunanta Dije. Mijinta yana aikin gyaran hanyar jirgin ƙasa, sai wata-wata yake leƙo gida. 'Ya'yanta biyu: Kyallu mai shekara tara, da Nomau wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Ranar Asabar babu makaranta, don haka aikin mako kaf yakan taru ya jira Kyallu a bakin ƙofa. Ga shara, ga wanki, ga ɗiban ruwa.

Da safen nan Dije ta dama kunu, ruwan zafi ya ragu a tukunya. Ta ce, "Kyallu, zubar da wannan ki ɗauko tsintsiya."

Kun dai sani, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai an ambaci sunan Allah, an ce, "Masu wuri, a kauce." Ba mu kaɗai muke zaune a gidajenmu ba. Kyallu ma ta sani. Amma barci bai sake ta ba, ga Nomau yana jan zaninta. Ta kai tukunya bakin rariya, inda ruwa ke fita ta gindin katanga, ta watsa. Ba ta ce komai ba.

Sai aka ji ƙara, siririya kamar ta ɗan tsako.

Rariya ta yi hayaƙi. Wata mata ta fito daga ciki, tana miƙewa, tana miƙewa, har kanta ya wuce katanga. Aljana ce, a rariyar take zaune tun kafin a gina gidan. Tana riƙe da ɗanta, kafaɗarsa ta saluɓe.

Ta ce, "Maƙwabciya, shekara nawa muna zaune lafiya? Dubi abin da gidanki ya yi wa ɗana. Ɗa a bakin ɗa. Ba ni wancan."

Ta nuna Nomau.

Dije ta durƙusa. Ta ce, "Ga akuya." Aljana ta ce ba ta cin akuya. Ta ce, "Ga zanen aurena." Aljana ta ce ba ta jin sanyi. Ta ce, "To ga ni." Aljana ta ce, "Me zan yi da ke? Kin yi tauri."

Kyallu ta ajiye tukunya. Ta shiga tsakanin aljana da ƙanenta, ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Gwaggo, ni na watsa ruwan. Ba Inna ba ce, ba Nomau ba ne."

Aljana ta ce, "Wa ya ce miki ni gwaggonki ce?"

"Wadda ta daɗe a gidanmu haka ai gwaggo ce. Laifina ne, ban musa ba. Amma ƙanena ba ƙwarya ba ne da za a ce an fasa ta wani, a ba da shi."

Dije ta ce, "Ke, rufa mana asiri, yi shiru!"

Kyallu ta ce, "Inna, ba zan yi shiru ba. Gwaggo, ke da kike jin komai ta rariya, kin taɓa jin an bar yaro ya fita daga gidan nan ba a gama aiki ba? Ko ni ba a bari. In kina son sa, ki jira. Sai aikin gidan nan ya ƙare."

Aljana ta dubi tsakar gida. Ɗan wuri ne kamar faifai. Ta yi dariya ta ce, "Na yarda. Na rantse da wutar da aka yi ni da ita, ba zan taɓa shi ba sai aikin gidan nan ya ƙare."

Aljani kuwa ba ya janye rantsuwa.

Kyallu ta ce, "Kawo yaron naki." Ta shimfiɗa masa tabarma a rumfa, ta wanke ƙunar da ruwan sanyi, ta shafa masa zuma. Ya yi shiru yana lasar abin da ya gangaro. Sannan ta ɗauki tsintsiya.

Ta yi shara a hankali. Ta share nan, ta tsaya ta sosa ƙafa. Ta share can, ta tsaya ta gyara ɗaurin tsintsiya. Aljana ta gaji. Ta ce, "Matsa!" Ta juya sau ɗaya ta zama guguwa, ta lashe tsakar gida tas, ko tsinke bai ragu ba.

Ta ce, "Shara ta ƙare."

Kyallu ta ce, "Sannu da aiki, Gwaggo. Nomau, zo ka karɓi gyaɗa."

Ta cika masa hannu biyu. Nomau ya tafi yana ɓarewa yana yarwa, daga bakin murhu har zaure. Kaji suka biyo shi, suka bar nasu abin.

Kyallu ta ce, "Gwaggo, haka ake shara a garinku?"

Aljana ta sake sharewa. Ƙararrawa ta buga tara.

Aka fito da wanki: rigunan makaranta, zannuwan Dije, tsummokaran Nomau tuli guda. Kyallu ta ɗauki riga ɗaya tana cuɗawa tana waƙa:

"Cuɗa, cuɗa, kumfa tashi,
Mai gaggawa ya sa hannu."

Aljana ta ce, "Matsa!" Ta fito da hannaye bakwai. Wannan na cuɗa, wannan na ɗauraya, wannan na matsewa, wannan na shanya. Kafin Dije ta juya, igiya ta cika, har rigar jikin Nomau an wanke an busar an mayar masa.

Ta ce, "Wanki ya ƙare."

Kyallu ta ce, "Sannu da aiki, Gwaggo. Nomau, zo ka karɓi mangwaro."

Ta zaɓo masa wanda ya nuna luguf. Nomau ya sha da baki, ya sha da hanci, ya sha da ciki. Da ya gama, ya bi shanya yana goge hannu a jikin kowace riga, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba.

Aljana ta dubi Dije ta ce, "Kullum haka yake?"

Dije ta ce, "Yau ma da sauƙi."

Aljana ta sake wankewa. Ƙararrawa ta buga sha biyu.

Amma aljana ba wawuya ba ce. Ta ce, "Na gane. Muddin idon yaron nan biyu, ni ce baiwar gidan nan." Ta hura masa iska a fuska. Nomau ya kwanta a gindin turmi, barci ya kwashe shi. Ta miƙa hannu ɗaya har rijiyar bayan gari, ta cika randuna uku. Ta wanke kwanoni. Ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta faskara itace, ta ba akuya dusa. Ta tsefe wa Kyallu kai ta yi mata kitso, tana ja da mugunta. Kyallu ta cije leɓe, ba ta ce wayyo ba.

La'asar ta yi. Dije ta duba gabas, ta duba yamma, tana neman abin da ya saura. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganinsa haka ba. Babu ko cokali mai datti. Ta zauna a ƙasa ta sa kuka.

Aljana ta ce, "Aiki ya ƙare." Ta miƙa hannu wajen Nomau.

Kyallu ta buge hannun.

Ta ce, "Bai ƙare ba."

"Nuna mini!"

Kyallu ta nuna rumfa, inda ɗan aljana yake kwance. Ta ce, "Ni na ƙona shi, a gidan nan. A tabarmarmu yake kwance. Ƙunar nan sai an wanke ta safe da yamma, an shafa zuma, kwana bakwai. Aikin wa ke nan in ba na gidan nan ba? In kuma kin ce ɗanki ba aiki ba ne, faɗa da bakinki, yana ji."

Ɗan aljana ya ɗaga kai ya ce, "Iya, zumarsu da daɗi."

Aljana ta dubi ɗanta. Ta ƙirga da yatsu: Lahadi, Litinin, Talata, har ta kai kwana na bakwai.

Ta ce, "Asabar ke nan."

Kyallu ta ce, "Asabar, Gwaggo. Ranar wanki."

Daidai nan Nomau ya farka. Ya jiƙa wandonsa, ya jiƙa gindin turmi, yana kukan tuwo.

Aljana ta naɗe tsawonta ta zauna a bakin rariya. Ta ce, "Zan jira."

Ƙuna ta warke, ko tabo babu. Asabar ta zo da wankinta, ta tafi, wata ta zo. Aka haifi wani yaro a gidan, aka haifi wani. Aiki bai ƙare ba ko na yini ɗaya.

Wanda ya yi ɓarna shi ke gyara ta da hannunsa, ba a biyanta da ɗan'uwa. Gidan da yara ke ɓata shara kuwa, kada mai shi ya yi tsaki.

Ƙurunƙus kan ɓeran da ke bayan randa. Ba don shi ba, da na ce ƙarya na yi muku.

Kaka, su wa suka rage a gidan?

Dije ta rasu, shekara talatin da ɗaya ke nan. Mijinta ya riga ta da damina biyu. Kyallu ta yi aure a nesa, can aka binne ta, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara watsa ruwan zafi ba tare da ta yi magana ba. Ɗan aljana ya girma ya tafi nasa yawon.

Waɗanda suka rage su ne: randa ɗaya daga cikin ukun, mai tsaga a wuya. Turmin. Aljana a bakin rariya, tana jira. Da Nomau, kansa ya yi fari fat, shi kaɗai a gida mai tsabta, wanda kowace Juma'a da yamma yake aikawa a kawo masa jikokinsa.

A'a, ajiye tsintsiyar nan. Ku bar ɓawon gyaɗar inda kuka zubar.