Tsintsiyar Gidan Hayar Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.
Ta zo mu ji ta, Baba.

Laraba ce, hadari ya haɗo. A gidan hayar Giwa, wanda aka jingine wa tsintsiya a ƙofa shi zai yashe kwata. In an kawo wa Kura, sai ta tura ta ƙofar Kunkuru. Sau uku yana yi mata, yau ya ƙi.

Kura ta ce, "Maƙwabci, ga tsintsiya fa, ga hadari."

"Na gani," in ji Kunkuru, ya ja kansa ciki.

Ruwa ya sauko, kwata ta toshe, ruwa ya malale ɗakin Kura, kilishinta ya jiƙe sharkaf.

"Wayyo ɗakina! Kai naka fa?"

"Nawa yana bayana."

Washegari da safe Kunkuru ya jingine tsintsiyar a ƙofarta. Tsintsiyar ba ta sake dawowa ƙofarsa ba.

Ƙurunƙus kan kusu, na sauke ta nan.