Rumfar Kakan Sarkin Kasuwa

Wai da Tabawa ta gama karatu, sai ta koyi haɗa sabulu, ta je wajen Sarkin Kasuwa neman rumfa.

Ya ce, "'Yata, doka ce tun ran da aka kafa kasuwar nan: ba a ba mutum rumfa sai in ubansa ya taɓa kasa kaya a cikinta. Naki fa?"

Ta ce, "Manomi ne, ranka ya daɗe. Amma wannan kasuwa mai albarka, wa ya kafa ta?"

Sarkin Kasuwa ya gyara zama. "Kakana Jatau! Nan duk daji ne, shi ya fara kafa rumfa."

"Allah ya jiƙan maza. To shi mahaifinsa, a wace rumfa ya kasa kaya?"

'Yan kasuwa suka matso kusa.

Tabawa ta ce, "Ka ga, Baba, in dokar nan ta tsaya, rumfar Jatau ba ta halatta ba, kai kuwa ita ka gada. Sai mu fita tare, ni zan taya ka kwashe kaya."

Ya yi dariya har rawani ya karkace, ya ce, "Ku ba ta rumfa, amma can nesa da tawa!"