Goɗiyar da Ta Ƙi Cin Harawa

Akwai wani mutum, manomi ne, yana da 'yan dawakinsa da yake ji da su kamar 'ya'yan cikinsa. In kaka ta wuce, ɗari ya sauko, sai ya cire musu linzami, ya sake su a wani fili da ya kewaye da kara a bayan gida. Ya sauko da harawar wake daga kan rumfa, ya zube musu. Kai, zo ka ga daɗi! Wannan na ci, wancan na birgima, wani ya miƙe ƙafafu a hantsi yana gyangyaɗi, ba mai ce masa tashi.

Wata ranar kasuwa mutumin nan ya ga wata goɗiya an labta mata harawa, ba ka ganin komai nata sai ƙafafu da kunnuwa. An sa mata takunkumi. Mai ita fataucin harawa yake yi, yana biye da ita da bulala, da zarar ta juya wuya wajen ƙamshin kayan sai ya zabga mata. Da aka sauke kayan, sai ga bayanta duk gyambo, haƙarƙari a waje. Tausayi ya kama manomin, bai bar kasuwar ba sai da ya saye ta.

Da matarsa ta gan su tafe, ta riƙe baki. “Maigida, doki ka sayo ko ƙashi?”

“Bar ni da ita, uwargida. Kafin sanyin nan ya wuce ba za ki gane ta ba!”

Ya cire takunkumin ya yar, ya wanke mata gyambon, ya kai ta cikin sauran dawaki. Ya zaɓo damin da ya fi ganye ya ajiye a gabanta, ya ja da baya yana ta washe baki. Me kuke tsammani ta yi? Sai ta juya wa damin gefenta, ta kafa ƙafafu, ta sunkuyar da kai, tana jira a ɗora mata. Ya zagaya ya mai da shi gabanta, ta sake juyawa. Ya ɗebo a hannu ya kai bakinta, ta rufe ido.

A nan ya gane. Tun da goɗiyar nan ta yi wayo, harawa a bayanta take, ba ta taɓa shiga bakinta ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Kwanaki suka yi ta tafiya. 'Yan'uwanta suna ta ƙiba, ita kuwa tana can jikin shinge tana gaigayar kara. Ya dama mata dusa da kanwa, ta ɗan lasa, amma dusa kaɗai ba ta riƙe doki. Sanyi kuma bai san tausayin ramamme ba. Matar da ta yi masa ba'a da fari, ita ce ta zo ta ce masa, “Maigida, in dabbar nan ba ta ci ba, ɗarin nan zai tafi da ita.” Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya san gaskiya ta faɗa.

Wata safiya ya shigo filin da dami a ka. Goɗiya ta hango shi, ta juya gefe kamar kullum. Ya tsaya yana kallonta, sai wata dabara ta faɗo masa. Maimakon ya sauke damin a ƙasa, sai ya zamo da shi kan gadon bayansa, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Matarsa ta leƙo ta saman shinge. “Subahana! Maigida, lafiya? Yau kuma jaki ka koma?”

“Yi shiru, don Allah.”

Ƙasa ga sanyi, tsakuwa na cin gwiwa, harawa na sukar ƙeya, amma bai motsa ba. Goɗiya ta jira a ɗora mata, ta jira, shiru. Can ta waiwayo a hankali. Ashe kayan na bayan wani! Ta tako, ta tsaya. Ta ƙara takowa. Mutumin ya ji hucin numfashinta a wuyansa. Ta fizgi ganye ɗaya, ta yi tsalle baya, ta rufe ido tana jiran bulala.

Ba bulala.

Ta dawo. Sai ya ji garas, garas, a kusa da kunnensa. Ba ya iya ɗaga kai ya gani, sai ya yi raɗa, “Uwargida, me take yi?”

“Tana ci! Maigida, tana ci!” Ta rangaɗa guɗa, ta manta an ce ta yi shiru.

Yana nan a durƙushe yana dariya, hawaye na zuba, har ya ji bayansa ya yi sakayau. Kafin rana ta take, sai ga goɗiya ta zube tana birgima, ta tashi ta kaɗa jiki, ta sa baki cikin tarin harawa tare da sauran. Mutumin ya fita da gudu yana ɗingishi, yana kiran maƙwabta, “Ku zo ku taya ni murna, goɗiyata ta ci!”

Ma'anar wannan misali ke nan, 'yan'uwa. Harawar, Maganar Allah ce. Goɗiyar kuwa, kada ka waiwayi na kusa da kai, kai ne, ni ce kuma. Da yawa cikinmu mun tashi da Maganar a baya. Mun haddace aya don tsoron bulala. Mu ne a ƙungiyar mawaƙa, mu ne a zumuntar mata, mu ne masu share majami'a, muna kai wa kowa abinci alhali yunwa na kashe mu. In an ce a buɗe Littafi, sai mu juya gefe mu ce, “To, yau kuma me za a ɗora mini?”

Manomin nan, Yesu ne. Ya saye mu, ya cire mana takunkumi, da ya ga har yanzu tsoro bai bar mu ba, sai ya sunkuya har ƙasa ya ɗauki kayan a bayansa. Abin da ya rage maka shi ne ka matso. Babu bulala a hannunsa, hannuwan nan biyu an riga an huda su dominka.

Saboda haka kai da ka gaji, ka waiwayo yau ɗin nan, ka buɗe baki ka ci.