Hoton da Tela Ya Ture

Akwai wani farfesa, masanin ƙwaƙwalwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana binciken abu ɗaya: yadda ɗan Adam ke tunawa da yadda yake mantawa. Rubuce-rubucensa sun cika kanta guda a ofishinsa. Ana gayyatarsa ƙasa-ƙasa ya yi jawabi. Ilimi kam Allah ya ba shi. Sakin fuska ne bai samu ba.

Cikin marasa lafiyar da yake nazari a kansu akwai wani dattijon tela. Zazzaɓi ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa shekarun baya. Ya tashi, amma ciwon ya bar masa wata larura mai ban mamaki. Duk abin da ya sani kafin ya kwanta yana nan daram: fuskar matarsa, unguwar da ya girma, yadda ake yanka wuyan riga. Sabon abu ne ba ya zama. Ka gaisa da shi, ka fita ka sha ruwa ka dawo, sai ya sake miƙo maka hannu kamar yau ya fara ganinka.

Matarsa ce ke kawo shi ɗakin gwaji. Duk zuwa sai ta ce, "Malam, ga likitanka."

"Likitana? Ni da nake lafiya ƙalau? Sannu, ranka ya daɗe. Wa ya ɗinka maka rigar nan? Wallahi ya cuce ka a kafaɗa."

Kullum maganar ke nan, kalma ba ta sauyawa. Farfesa ba ya ko murmushi.

"Zauna. Ba hira muka zo ba."

Akwai wata ƙaramar likita da ke aiki a ƙarƙashinsa. Ita takan ja kujera kusa da telan, ta nuna masa bakin hannun rigarta ta tambaye shi ko ɗinkin ya yi. Ya kushe, ta yi dariya. Wata rana ta yi ta maza ta ce, "Farfesa, da ka ɗan riƙa amsa masa gaisuwa."

"Don me? Kafin in kai ƙofa ya manta. Abin da ƙwaƙwalwa ba ta ajiye ba, daidai yake da abin da ba a yi ba."

Wannan magana ya yarda da ita har zuciyarsa. Kuma ba a ɗakin gwaji kaɗai ta tsaya ba.

Mahaifiyarsa na zaune a gidan ƙanwarsa. Tsufa ya ci ƙarfinta, mantuwa ta kama ta, har 'ya'yan cikinta ba ta ganewa. In Farfesa ya je, ba ya iya ajiye aikinsa a waje. Zai tsaya a kanta, hannu a aljihu.

"Inna, wane ne ni? Yau wace rana ce? Me na faɗa miki ɗazu? Maimaita."

Tsohuwa ta yi ta laluben amsa, ƙarshe ta juya fuska ga bango. Shi a ganinsa auna ciwon yake yi. Da ya ga amsar ba ta zuwa, sai ya rage zuwa. Daga baya ya daina.

Ƙanwarsa ta kira shi a waya. "Yaya, Inna fa ƙarewa take yi. Ka zo ka gan ta tun tana da sauran numfashi."

"In na zo ma ba ta san ni ba. In na tafi ba ta san na zo ba. Na aiko da magani, ai shi ne mai amfani."

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," in ji ta, ta kashe wayar.

Ana nan, sai aka shirya wani gwaji da zai shiga sabon rubutun Farfesa. Abin da yake so ya tabbatar shi ne telan ba ya riƙe komai game da mutanen da ya sadu da su bayan ciwon. Aka jera masa hotuna a tebur: na Farfesa, na ƙaramar likita, da na wasu baƙi da bai taɓa gani ba. Aka manna masa wasu wayoyi a ƙirji da tafin hannu, masu auna bugun zuciya da gumi.

Aka tambaye shi, "Baba, ka san wani a cikin waɗannan?"

Ya duba su ɗaya bayan ɗaya. "A'a. Duk baƙi ne."

Farfesa ya gyaɗa kai. Abin da yake jira ke nan.

Sai aka yi tambaya ta biyu, wadda don cike gurbi kawai aka sa ta. "To, in da za ka shiga wani hali, wa za ka nufa a cikinsu?"

Telan bai yi jinkiri ba. Ya ɗora yatsa a kan hoton ƙaramar likita. "Wannan yarinyar." Sannan ya sa bayan hannu ya ture hoton Farfesa har bakin tebur.

"Shi wannan fa, me ya yi maka?"

"Ban san shi ba, kar in ɗauki alhakinsa. Amma raina bai kwanta da shi ba."

Farfesa na zaune a gabansa. Ya ce dace ne kawai, a sake. Aka cakuɗa hotunan, aka bari ya manta, aka sake. Aka sauya rana, aka sauya ɗaki, aka sauya mai tambaya. Duk inda hoton likitar ya shiga, yatsan telan sai ya same shi. Duk inda na Farfesa ya fito, sai ya ture shi. Layin bugun zuciya a kan allon na'ura kuwa, da idonsa ya sauka a fuskar Farfesa sai ya yi tsalle.

Farfesa ya tashi ya tsaya gaban allon nan. Ya san hoton ƙwaƙwalwar telan kamar tafin hannunsa. Wurin da ke ajiye fuska da suna ya lalace, babu gyara. To ina wannan ya zauna? Ashe can ciki akwai wata ma'ajiya da zazzaɓi bai kai gare ta ba. Ba ta riƙe suna, ba ta riƙe rana. Abin da ka sa mutum ya ji, shi take riƙewa. Duk gaisuwar da bai amsa ba tana nan. Duk tsawar da ya yi tana nan.

A hankali ya ce, "Allah mai iko." Ɗalibansa suka kalli juna, don ba su taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba.

Mai bincike ne, sai ya so ya san ko abin da ya shiga ma'ajiyar nan yana sauyawa. Da telan ya dawo ya ce an cuce shi a kafaɗa, Farfesa ya tuɓe rigar ya miƙa masa.

"To gyara min, Baba."

Aka nemo allura da zare da abin awo. Hannun da ƙwaƙwalwa ta yi wa rowa bai manta aikinsa ba. Tun daga ranar, duk zuwa sai telan ya auna Farfesa tukuna a fara aiki.

Matarsa ta ce, "Malam, ai ka auna shi wancan zuwan."

"Na auna shi? To ƙiba ya ƙara. Ɗaga hannu, ranka ya daɗe."

Farfesa ya ɗaga hannu, har da dariya.

Abin bai zo da wuri ba. An ɗauki watanni telan na ture hoton. Sai wata safiya aka jera hotunan, Farfesa na kallo ta bayan gilashi. Telan ya ɗauki hoton ya kawo kusa da ido.

"Ban san shi ba. Amma ajiye min shi nan kusa. Kamar ɗan gida ne."

Layin da ke allon ya kwanta luf.

Rubutun da ya fito daga wannan bincike ya fi duk na baya yawo a duniya. Amma ranar Farfesa bai tsaya rubutu ba. Ya bar ɗalibai da na'urarsu, ya nufi gidan ƙanwarsa.

Tun daga bakin ƙofa da ya yi sallama, tsohuwa ta juya ga bango.

Ƙanwar ta ce, "Ka gani, Yaya? Baƙo ya shigo ba ta yin haka. Muryarka kawai."

Tambayar nan tasa ta "wane ne ni?" ta zo masa har kan harshe. Ya haɗiye ta. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, gefen gadon. Ya karɓi man shafawa ya kama ƙafar mahaifiyarsa. Ta janye. Bai matsa mata ba. Ya zauna har ta yi barci.

Washegari ya dawo. Ta janye. Ya sake dawowa. Ƙanwarsa ta ce, "Ba ka da aiki ne yanzu?" Ya ce, "Ga shi ina yi."

A hankali ta daina janyewa. Yana yanke mata farce, yana gyara mata matashi, yana ba ta ruwa da cokali. Bai ƙara tambayarta rana ko suna ba. Tsoronsa ɗaya, kar ta koma ga Ubangijinta tana jin tsoron ɗan da ta haifa.

Wata yamma ya miƙe zai tafi, sai ya ji an riƙe masa bakin riga. Yatsunta ne, ba ƙarfi a cikinsu. Ta ɗago ta dube shi sosai.

"Bawan Allah, ɗan wane ne kai?"

Ya durƙusa. "Ɗan wata baiwar Allah ne, Inna."

"Ta iya tarbiyya." Ta juya ga ƙanwarsa. "Ke, ki kawo masa abinci. Kar ki bar shi ya tafi."

Ba ta kira sunansa ba, har ta bar duniya ba ta kira ba. Amma hannunta na cikin nasa ta cika, fuskarta na kallonsa, ba bango ba.

Darasi: Kar ka wulaƙanta mutum don kana ganin ba zai tuna ba. Tsoho ne, mara lafiya ne, ko wanda hankalinsa ya raunana, kai na iya manta fuskarka amma zuciya na riƙe da halinka. In kana da wani irin wannan a gida, bar yi masa jarrabawa, je ka zauna kusa da shi yau. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ya daina zuwa gaida tsohuwarsa.